Wai Katako Katako Ne? To, Mu Tambayi Gara

Na san wasunku sun fara murmushi. Wai mutumin Kekun Waje, wanda ya girma a ƙarƙashin rufin azara da ƙasa, shi ne yau zai koya wa 'yan birni zaɓen allon silin. Ku yi dariyarku son ranku, amma ku ɗan ɗaga kai ku dubi saman falonku. Wannan taswirar mai ruwan ƙasa da ta fito tun Agustan bara, ta Najeriya ce ko ta Nijar?

Bari in fara da kai, Alhaji, mai cewa katako katako ne. Ni ma na taɓa zama ɗan jam'iyyarku. Na shiga 'yan katako a Gusau, aka jingina mini allo biyu, kowanne ƙafa 8 a tsaye, ƙafa 4 a kwance. Ɗaya filawud ne, ɗayan kuma irin wanda ake curawa da dusar katako da gam. Na ɗauki mai araha, na fito ina jin na cuci mai shago. Da damina ta kankama, ƙusa guda ta saki a kwanon rufi, ruwa ya riƙa ɗiga, allon ya sha ya ƙoshi, ya yi ciki kamar akuya mai 'yan biyu. Wata Juma'a ya haihu a kan tabarmar baƙi. Uwargida ba ta ce uffan ba, tsintsiya kawai ta miƙo mini. Ranar na yarda araha ba ta ado.

Ga inda bambancin yake. Filawud, wanda garin Sapele na jihar Delta ya yi suna da shi tun zamanin Turawa, fere gungume ake yi falle-falle, a jera 3 ko 5 ko 7, kowane falle jijiyarsa ta gitta ta na ƙasansa, sannan a matse da gam. Wannan gittawar ce ke hana shi tsagewa da lanƙwasa. Allon dusa da ɗan'uwansa MDF kuwa ba su da jijiya ko ɗaya. Suna da santsi, suna yin kyau a kabad ɗin amarya, amma in suka sha ruwa suka kumbura, sun kumbura ke nan har abada. Don haka kada fuskar allo ta ruɗe ka. Juya gefensa, ka ƙirga fallayen, ka duba ko akwai ramuka a tsakani.

Sai kai, Kawu, da ke tafa hannu kana cewa, “Ai dama mun gaya muku, ku koma azara.” Rabin gaskiya na hannunka. Azarar giginya tana ba gara wahala, kuma da ita da ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure rufin Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830. Sai dai azara in ta wuce kamar ƙafa 6 ba tallafi, ƙasar da ke kanta takan sa ta yi doro. Shi ya sa ɗakunan kakanninmu ƙanana ne, in kuma ana son faɗi sai an yi ginshiƙi ko bakan gizo. Kai kuma, Kawu, falon da kake mafarki sai ya ci kujeru saiti biyu da talabijin mai faɗin ƙofa. Sannan giginya tana shekaru da dama kafin ta isa sara. Guda nawa ka dasa a gonarka?

Ku ma samari ban manta da ku ba, masu nuno mini bidiyo a waya: ga Amurkawa can sun yi bango da rufi da daɓe duk da allon OSB, cikin 'yan makonni gida ya tashi. Haka ne. Amma ku kalli bidiyon har ƙarshe. Suna naɗe allon da leda mai hana ruwa, suna ɗaga katakon daga ƙasa, kuma duk da haka a kudancin ƙasar akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, yaƙi da gara. Mu nan garar da ke gina suri ya fi yaro tsawo, in ka shimfiɗa mata allo a ƙasa, walima ka shirya mata. Takan cinye ciki tsaf ta bar maka fentin, ranar da ka dangwala yatsa sai ya nutse. Ƙasan ɗakinmu na daɓe ne da siminti da tayil. Allo ba ya da aiki a nan sai a ƙarƙashin dekin bene, lokacin zuba kankare, kuma can ma a nemi marin bod mai kaurin inci uku bisa huɗu, wanda ruwa ba ya narkar da gam ɗinsa, har a ciro shi a sake amfani da shi.

Saura kwarangwal ɗin rufi. Farin katako mara nauyi irin su obece yana da daɗin zarto, gara ma tana jin daɗinsa. A shafe shi da Solignum, in aljihu ya gaza ko baƙin mai ne, musamman bakin da aka yanka. A ɗaure shi da langalanga a jikin gini, domin daga Tsafe har Bungudu kowa ya san abin da iskar farkon damina ke yi wa kwanon da aka ɗora da ƙusa da fatan alheri. In kafinta ya bar tazarar milimita 3 tsakanin allo da allo, kada ka ce ganda ce. Katako yana tsukewa da hunturu ya buɗe da damina, wurin numfashi ya bar masa.

To, jama'a, ku tafi kasuwa da kafintanku, ku biya kuɗin allon da ya dace da wurinsa sau ɗaya ku huta. Wanda kuma har yanzu ya tsaya a kan katako katako ne, ba mu yi faɗa ba. Ya dai ajiye tsintsiya kusa, Agusta na nan tafe.