Bindiga a Ɓoye, Agogo na Shela

Da za a tara bindigogin da ke hannun farar hula a Amurka a ce kowa ya zo ya ɗauki ɗaya, har jaririn da aka haifa da asubar yau zai samu tasa, kuma a yi ragowa. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta su miliyan 393 a 2017, wato kusan bindiga 120 ga kowane mutum 100. Amma da cibiyar Pew ta bincika a 2023, kashi 32 cikin ɗari na manya ne kawai suka ce suna da ita. Lissafin a fili yake: akwai bayin Allah da suka cinye rabon maƙwabtansu har da na surukai. Yawancin masu ita sun ce don kare kai suka ajiye, kuma ba mu da ja. Mu dai da wani jarumi guda muke, wanda ya mayar da kare kai kwalliya.

Doka ce ta share masa hanya. Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar a 1791 ya ba jama'a 'yancin riƙe makami. A 1987 jihar Florida ta ce duk wanda ya cika sharuɗɗa dole a ba shi lasisin yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye, jihohi suka yi ta bin sahu, Illinois ce ta ƙarshe da ta halatta yawo da ita a ɓoye, a 2013. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Bruen cewa 'yancin bai tsaya a ƙofar gida ba, yana bin mutum har titi. Zuwa 2024 jihohi 29 sun ce ma ba sai da lasisi ba. Abin da ya rage wa jaruminmu shi ne ya ɓoye ta. To a nan gizo ke saƙar, domin babu azabar da ta kai ka sayi abu mai tsada a ce kada kowa ya gani.

Ku zo mu ga shirinsa na safe. Madara ce ta ƙare a gida, kanti kuma tafiyar minti biyar ce a mota. Sai ya ɗaura bel mai kauri, wanda aka sa wa ƙarfe ko roba mai tauri a ciki don kada ya lanƙwashe. Ya ɗauko Glock 19, ƙirar kamfanin Gaston Glock, injiniyan Austriya da ya fara neman abinci da ƙera sandunan rataye labule. In ranar zafi ce ya ɗauki SIG P365, wadda ta fito a 2018, ba ta fi tafin hannu ba amma tana cin harsashi goma. Ya zura ta a kube, ya cusa kuben cikin wando ta gaba, dab da cibiya, bakinta na kallon wurin da duk zuriyar da bai haifa ba take zaune tana addu'a. Masana harkar sun ce nan ya fi saurin zarowa. Tumbi dai ba a nemi shawararsa ba, shi ya sa in jarumin zai ɗaure igiyar takalmi sai ya ja numfashi ya riƙe, idanu sun firfito.

Da sauran aiki. Gidan harsashi na ko-ta-kwana a hagu. Wuƙa mai naɗewa a aljihun dama. Tocilar da za ta iya makantar da mutum da tsakar rana. Igiyar tsayar da jini a ƙwauri. Alƙalamin ƙarfe mai fasa gilashi, wanda ba a taɓa rubuta ko lambar waya da shi ba. Kafin ya fita sai ya kwance su duka, ya jera a kan tebur daki-daki, ya aza agogo a tsakiya, ya gyara haske, ya ɗauki hoto ya watsa wa duniya a Instagram. Ka ji mai ɓoyo. Sannan ya sake ɗaurawa daga farko. Yara kuwa tuni sun sha shayinsu baƙi sun tafi makaranta.

A cikin littattafan ɗariƙar masu yawo da bindiga a ɓoye akwai babban darasi: ka zama mutumin da ido ba ya tsayawa a kansa, ka saje da jama'a, kada tudun bindiga ya nuna a jikin riga. Jaruminmu ya haddace. Sai ya sayi wando ruwan ƙasa mai aljihu takwas, da riga mai faɗi da ba a cusawa, da hular hana-salla mai tutar Amurka, da baƙin tabarau, ya tara gemu. Matsalar ita ce duk 'yan ɗariƙar shago ɗaya suke zuwa, don haka kayan sajewa sun zama kaki. In suka haɗu a layin biyan kuɗi sai su gyaɗa wa juna kai a hankali, kowa na jin daɗin cewa ba a gane shi ba, alhali yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ƙirga huɗu tun safe.

In ma kakin bai tona shi ba, agogo zai ƙarasa aikin. Bindiga sarauniya ce da aka sa wa kulle, agogo kuma sanƙiranta, yana gaba yana shelar cewa gimbiya na ciki. Ba ya shiga hannun riga, sai dai rigar ta haƙura ta tsaya a bayansa.

Gaskiya agogon ba abin rainawa ba ne. Wani injiniyan Casio mai suna Kikuo Ibe ne agogon da mahaifinsa ya ba shi ya faɗi ya fashe, ya sha alwashin ƙera wanda ba ya fashewa. Ya sa wa kansa goma uku: ya jure faɗowa daga mita 10, ya jure matsin ruwa na awo 10, batir ya yi shekara 10. Ya yi ta jefo samfura daga tagar ban-ɗakin bene na ofishinsu har wajen 200 suka hallaka, sannan G-Shock ya fito a 1983. Na yanzu suna jure nutso har mita 200. Masu nutso na nishaɗi da tukunyar iska a baya ba sa wuce mita 40. Jaruminmu kuwa ruwa mafi zurfi da agogonsa ya taɓa shiga shi ne na wanke-wanke, ranar da uwargida ta yi yaji.

Wanda ya fi kuɗi sai ya haura zuwa Garmin Tactix, mai farashi sama da dala dubu. Wannan yana da tsarin taimaka wa mai dirowa daga jirgin sama da lema, ga mutumin da ke jin jiri in ya hau tsani canza ƙwan lantarki. Fuskarsa na dusashewa yadda za a iya karanta ta da tabaran ganin dare. Yana da maɓallin da in abokan gaba suka kama ka, ka danna ya goge duk bayanan da ke ciki. Wane sirri za a goge? Cewa jiya taku 2,000 ya yi, rabinsu tsakanin kujera da firji. Wani kuma Luminox yake so, don an ce irinsa sojojin ruwan Amurka na musamman ke ɗaurawa, mai 'yan bututun tiritiyam da ke haske da kansu har shekara 25 ba a kashewa. Mutum ya sha baƙaƙen kaya don ya ɓace a duhu, ga wuyan hannunsa na walƙiya yana cewa ga ni nan.

Kada ku ce na ƙaga. Su kansu sojojin gaske na'urar wuyan hannu ta taɓa tona su. A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya duba taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa, ya ga zanen haske a tsakiyar hamadar Siriya da Afganistan. Ashe sojoji ne ke gudun safe suna zagaye sansanoninsu, na'urorinsu na aika rahoto. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awe.

Ranar da iyali suka fita cin abinci kuwa, nan ake ganin aiki. Jarumin ba ya zama sai a kujerar da ke fuskantar ƙofa, bayansa jikin bango. In wata tsohuwa ta riga shi, a tsaye za a jira ta gama. Kanar Jeff Cooper, tsohon sojan ƙundumbala, ya koya wa 'yan ɗariƙar launuka huɗu na faɗaka: fari na gafalallu, rawaya na mai lura, ruwan lemo na wanda ya hango alama, ja na wanda ya shirya faɗa. Namu ya rantse bai taɓa zama a fari ba ko a barci. Sannan a 1983 wani ɗan sandan birnin Salt Lake, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa zai iya cin tazarar ƙafa 21 cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Tun daga nan jarumin ke auna kowa da ƙafa 21, har da yaron da ke kawo miya. Uwargida na ba shi labarin abin da malamin makaranta ya ce game da ɗansu, shi yana ƙirga ƙofofin fita. Ya san akwai uku, da taga ɗaya ta kicin. Ajin da yaron yake ne dai ya kwanta masa.

Da dare kuma sai zaman muhawara. Rikicin masu harsashin milimita 9 da masu .45 ya girmi yawancin masu yinsa. Ɓangare ɗaya ya ce hukumar FBI da kanta ta koma milimita 9. Ɗayan ya ce bindigar 1911 ta John Browning ta ci yaƙin duniya biyu, me ƙaramin yaro zai gaya musu? Ana yi har ƙarfe biyu, a toshe juna, a yi gaba. Abokin gaban da ake wa tanadi bai zo ba, amma an samu na cikin gida.

To ina faɗakar take ƙarewa? A filin jirgin sama. A 2023 hukumar TSA mai binciken fasinjoji ta kama bindigogi 6,737 a jakunkunan hannu, kashi 93 cikin ɗari ɗauke da harsashi. Uzurin da aka fi bayarwa: na manta tana ciki. Mutumin da ya san ƙofofin kowane gidan abinci ya manta da bindiga a jakar da ke kafaɗarsa. Ban-ɗaki ma wani fagen fama ne, domin in wando ya sauka dole a nemo wa gimbiya wurin zama, kuma ba kullum ake tunawa da ita ba. A 2015 an samu 'yan sandan majalisar dokokin Amurka sun bar bindigoginsu a ban-ɗaki fiye da sau ɗaya, ɗaya wani yaro ne ya tsinta. In kuma wurin da za shi an hana shiga da makami, sai ya bar ta a mota, motar da ya manna wa tambarin Glock a gilashin baya. Ɓarayi na godiya, an rage musu wahalar bincike.

A nan dariya ke ɗan tsayawa. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka juya ta kansu. Wato sau da yawa haɗarin ba ta ƙofar da ake gadi yake shigowa ba. Akwai kuma masu riƙe bindiga don larura ta gaske: matar da tsohon miji ke farauta, mai kantin da ke kwana a buɗe, manomin da ɗan sanda mafi kusa ke nesa da shi. Irin waɗannan ba za ka ga hoton aljihunsu ba. A makon da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin Bruen, gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga saboda 'yan fashin daji. Mutumin ƙauyen da ke kwana a bakin gari da bindigar toka bai san launin rawaya ko ruwan lemo ba, kuma da za a ba shi zaɓi, barci zai zaɓa. In yana da agogo, bai wuce Casio F-91W ba, ɗan siririn nan na 1989 da ke kan faifan kowane mai talla daga Kano zuwa Maraɗi. Abin mamaki, shi ne agogon da ya taɓa tsorata Amurka: takardun Guantanamo da aka fallasa a 2011 sun nuna masu bincike na ɗaukar sa alamar horon Alƙa'ida. Na dala dubu bai taɓa samun wannan girma ba.

Shi kuwa jaruminmu, maƙiyinsa na gaskiya ya daɗe da shigowa, kuma ta baki ya bi. Ciwon zuciya na kashe Amurkawa kusan 700,000 a shekara, ba ya jin harsashi ko na .45 ne. Cikin duk kayan yaƙin nan, agogo ne kaɗai ya gano shi. Da ya ga maigida ya yi awa guda a zaune sai ya girgiza, ya rubuta masa cewa ya motsa. Jarumin ya shiga saiti ya kashe wannan gargaɗi, wai yana ɗauke masa hankali daga lura da ƙofa.

Da ya je asibiti ya hau sikeli, ya ce wa likita nauyin kayan aiki ne. Likita ya ce a kwance. Aka tara su a kan tire, ma'aikaciyar jinya ta ja da baya, allura ta ɗan sauko don kunya ta tsaya. Aka yanke masa tattakin minti 30 kullum. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, sai an yi shiri. Yanzu haka yana binciken kuben da ke zama a wandon motsa jiki. In ya iso, saura takalmi, da agogon da ya dace da takalmin.