Injiniyoyin Gindin Bedi

Duk saurayin da ya dawo Korgom daga Kano da kwalin ɗan jirgin sama mai tashi da rimot, ya sani ba shi kaɗai zai haɗa shi ba. Kafin ya gama jera fukafukai a tabarma, 'yan fada sun bar shayi a wuta sun kewaye shi, kowa da ilminsa a baki.

Masani ne ke fara isowa. Bai taɓa shiga jirgi ba, amma ya kwana kusa da filin jirgin Agadas a hanyarsa ta Libiya, wannan kuwa ya ishe shi hujja. Shi ke ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya ƙera jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin motar Honda, har duniya ta ji labarinsa a 2007. Labarin gaskiya ne, sai dai jirgin da kaɗan ya ɗaga daga ƙasa, a bakin Masani har Jidda yake zuwa ya dawo.

Mai gaggawa kuwa kalma ɗaya ya iya: "A tashe shi mana!" Bai san aikin duka yana ga 'yan wayoyin cikin jirgin ba. A cikin jirgin akwai ƙananan na'urori da ake kira sarbo, kowace da ɗan hannunta. Daga hannun ne waya ke miƙewa zuwa wutsiya, ta kama wani ɗan ƙaho mai ramuka a jere. Sai an kunna rimot tukuna, sannan jirgin, hannun ya tsaya a tsakiya, kana a daidaita tsawon wayar har leɓen wutsiya ya kwanta sak. Ɗan koyo ramin can bakin ƙahon yake sa wayarsa, don motsin ya zo da sauƙi. Ana cikin wannan aune-aune Mai gaggawa ya duba agogon wayarsa ya fi a ƙirga, alhali ba inda za shi.

Ni dai Mai gyaran rediyo nake tsoro, don shi yana da rabin sani. Shawararsa ta a yi amfani da siririn ƙarfen tayar keke in wayar jirgin ta lanƙwashe, shawara ce mai kyau. Matsalar, maganin kowace cuta a wurinsa gam ne. Zai lafta wa wutsiya gam, ya ƙara ƙusa "don ƙarko", ya manta ana ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gabansa, a ga hancin ya ɗan sunkuya. In wutsiya ta rinjaya, tashin farko ne na ƙarshe.

Akwai kuma Mai taɓe-taɓe, wanda saboda irinsa ake cire farfela kafin a sa batir. In aka ja sandar rimot baya, leɓen wutsiya sama ya kamata ya ɗaga. Ya yi ƙasa, mai jirgi ya dafe kai zai juya saitin, sai ka ji Mai taɓe-taɓe: "Bar shi haka, in ya hau sama zai gane hanya."

Alhaji ba ya kusantar tabarma, daga kujerarsa yake bincike.

"Ɗana, jika nawa ka zuba a nan?"

A gaya masa. Ya yi shiru yana mayar da kuɗin buhunan hatsi a farashin kasuwar Tasawa.

"Yana ɗaukar mutum?"

"A'a, Baba."

"Kaya fa?"

"A'a."

"To, Allah ya shirya."

Can gefe Mai raɗa yake, ya rantse akwai kyamara a hancin abin. An ce masa Amurkawa sun kwashe nasu jiragen daga Agadas tun 2024, ya ce to ai shi ya sa suka aiko ƙarami.

Wanda bai ce uffan ba tun safe shi ne Mai jiran gado. Ya taya riƙe fiffike, ya miƙo almakashi, ya kori akuyar da ta fara gutsurar soson jikin jirgin. Sai da aka ɗauki jirgin za a nufi fili ya matso kusa da mai shi, ya ce: "Yaya, ba fata nake ba, amma in ya faɗi, batirin nan yana cajin waya?"