Zuwa ga Malam Ampili na Masallacin Unguwarmu

Kwamitin masallaci ne ya ɗora mini in rubuto maka, tunda magana baki da baki ta gagara: duk wanda ya matso kusa da kai da makirfo sai ka ƙwala masa ihu.

Ƙorafin jama'a shi ne ba ka da murya guda. Ran da wutar gari ta zo cikakkiya, bolt 220, kiran sallar Ladan har masunta a tafkin Madarunfa suna ji. Ran da aka tada gurup, da zarar firizar maƙwabci ta kama sai ka shaƙe, dattijo mai furfura ya koma kamar yana magana cikin gwangwani. In kuwa batir ne da ƙaramin konbatisa, gurnani kake fara yi tun kafin liman ya yi gyaran murya. Mun san ba kai ka zaɓi wannan ciye-ciye ba. Tun Agustan 2023, da Najeriya ta datse layin da ke kawo wuta daga Katsina, muka saba ba ka duk abin da ya samu, kuma ko da aka maido da ita a 2024 ba mu daina ba.

Ɗan ƙanena da ke karatun lantarki a Maradi ya ce zai wanke ka. Ya zana kayan cikinka a kwamfuta, cikin manhajar LTspice, ya ba ka bolt 35 ta sama, 35 ta ƙasa, waya ta tsakiya a kan sifiri, yadda irinku ke so. Sai ga igiyar sauti a allo tana hawa tana sauka sumul. Ya ce, “Baba, lafiyarsa lau.” Na ce, “Yaro, wannan wuta da ba ta raguwa, ba ta ɗaukewa, a wace kasuwa ake sayar da ita?”

Nan ya zauna sosai. Ya rage wutar, ya sa mata nauyin doguwar waya siririya irin tamu, sai kan igiyar ya aske, sama da ƙasa, shafal. Shaƙewar Ladan ke nan a hoto. Ya rage girman kondansato masu tace wuta, sai ga gurnanin ya fito, sau 100 a daƙiƙa. Har lissafi ya yi mini: batir mai bolt 12, in ba a ɗaga wutarsa ba, a bafful mai om 4 bai wuce wat huɗu da rabi ba, in an haɗa ɓangare biyu a samu 18. Kai kuma a goshinka an rubuta 2000. Malam, wa ya rubuta maka? Ka ji tsoron Allah, a masallaci kake kwana.

Mai gyara ya buɗe ka ran kasuwa, ya tarar kondansatonka biyu sun kumbura, ƙurar hunturu ta toshe fankarka, ga gidan zanzaro a jikin taransifoma. Wannan kam laifinmu ne da na zanzaro.

Kwamiti ya yanke: za a canza maka kondansaton, a sayo waya mai kauri, firizar maƙwabci kuma ta nemi wani gurup. A madadin haka muna roƙon ka bar liman ya kai ƙarshen huɗubar Juma'a. In ka ƙi, akwai mai kiɗan biki da ya taya ka jika goma sha biyar, kuma shi ba ya kashe na'ura sai asuba.

Ka huta lafiya.
Magatakardan kwamiti, Madarunfa