Nasiha Ga Mai Nufin Mayar Da Ƙofar Motarsa Randa

Ka sani, ya kai ɗan'uwa mai mota a birnin Abijan, cewa Allah Ya hore wa wannan gari damina biyu a shekara, babba wadda take kai maƙura a watan Yuni da ƙarama wajen Oktoba da Nuwamba. Kuma tun da yake almubazzaranci abin ƙi ne a wurin ma'abota hankali, bai kamata ka bar wannan ni'ima tana zuba a kan motarka tana wucewa ba tare da ka adana wani rabo daga cikinta ba.

Asalin mas'alar shi ne, ƙofar mota ba dunƙulallen ƙarfe ba ce, fanko ce mai rami a ciki inda gilashi yake sauka. Ita kuwa robar da take lasar gilashin, kome sabuntarta, ba ta iya tsare ruwa gaba ɗaya, balle ta motar da ta ƙare ƙuruciyarta a Turai kafin a sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Abijan, irin waɗanda mutanen gari suke wa laƙabi da "France au revoir". Masu ƙera motoci sun san da haka, shi ya sa, saboda ƙarancin tattalinsu, suka huda 'yan ramuka a gindin kowace ƙofa domin abin da ya shiga ta sama ya fita ta ƙasa. Waɗannan ramuka su ne abokan gābarka.

Sharaɗi na farko, kada ka taɓa durƙusawa ka leƙa ƙarƙashin ƙofa, domin durƙuso a gaban mota bai dace da dattijo ba. Ka bar ƙurar hunturu da taɓon tashar Adjame, inda motocin haya irin su gbaka da woro-woro suke dama ƙasa dare da rana, su yi aikinsu cikin natsuwa har ramukan su toshe. In kuwa kana gaggawa, to kai motar wurin mai gyaran jikin mota, ka roƙe shi ya yi maka fenti mai kauri, kada ya yi rowa a gindin ƙofa; sau da yawa ma ba sai ka roƙa ba.

Alamar cewa aiki ya karɓu ita ce, ranar da ka taso daga Adjame da kayan haja za ka kai wa abokin ciniki a Treichville, ka hau gadar Houphouët-Boigny, wadda tun 1957 take ɗauke da jama'a a kan tafkin Ebrie, ka taka birki, sai ka ji ƙundum a gefenka na hagu, ruwa a ƙarƙashinka, ruwa a ƙofarka. Idan fasinja ya tambaya, ka ce masa sautin tafki ne. Daga nan fa'idodi za su riƙa zuwa bi da bi: injin ɗaga gilashi zai yi murabus, ka huta da shawarar buɗewa ko rufewa, lasifikar da ke cikin ƙofa za ta shaƙe, wanda a ganina maslaha ce ga maƙwabta, tsatsa kuma, da taimakon iskar teku mai gishiri, za ta ci gindin ƙofar sannu a hankali har ta huda maka wata sabuwar kafa, mafi faɗi daga wadda ka toshe, ba tare da ka biya ko dala ba.

Amma fa kada ka yi kwaɗayin alwala da ruwan ƙofar, domin ruwan da launinsa da ƙanshinsa suka jirkita da man giris, hukuncinsa sananne ne ga duk wanda ya karanta Ahalari.

Saura in gargaɗe ka game da masu ɓata wannan shiri, waɗanda mafi haɗarinsu shi ne yaron da yake wanke maka mota. Irinsa, in ka yi sakaci, sai ya buɗe ƙofa, ya zaro tsinken tsintsiya ɗaya, ya tsokane ramukan nan, cikin ɗan lokaci kaɗan ajiyar wata guda ta tsiyaye a kan takalminka, sa'an nan kuma ya miƙo hannu yana jiran tukuici.