Kwamfuta a Jikin Bango: Abin da Mai Shago Ba Zai Faɗa ba

A watan Afrilu mai wannan shafi ya ɗauri niyyar abin da ya zaci ƙarami ne. Yana son allo guda a bangon falo, irin wanda ake shafawa da yatsa, da zai riƙa nuna lokutan salla, ranar biyan kuɗin makaranta, sauran cajin batirin sola, da fuskar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Kuɗin da ya ware ba su taka kara sun karya ba. Sai makon jiya aka kammala, bayan bango ya sha huda shida, uwargida kuma ta daina tambayar yaushe za a gama. Duk wanda ya taɓa rataye ko da agogo a gidan haya ya san inda aka dosa, don haka ba sai an tsaya koyar da yadda ake kunna na'ura ba.

Shawara ta farko, a san abin da ke kasuwa. Akwai wadda aka ƙera domin bango tun daga masana'anta, kamar Echo Show 15 ta kamfanin Amazon, mai inci 15.6, wadda ta fito a 2021 a kan dala 250. Kyau kam tana da shi, sai dai an gina ta ne a kan Alexa, manhajar da ake ba umarni da murya, Alexa kuwa ba ta jin Hausa, kuma kusan duk aikinta sai da intanet. Akwai hanyar masu son haɗe-haɗe, wato ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da allonta mai inci 7, wanda sabon samfurinsa ya fito a 2024 a kan dala 60. Kuɗin allon kaɗai ke nan, ban da kwamfutar da caja da gidan da za a saka su. Hanya ta uku ita ce tabulet ta Android, wadda albashi ke iya ɗauka ba tare da an ci bashi ba.

Shawara ta biyu, bango. A nan ne wahalar take, kuma babu mai shagon da zai ambata. A bayan manyan alluna akwai ramuka huɗu na ƙa'idar VESA, tazararsu galibi milimita 75 ko 100, kuma dole ƙarfen ratayewa ya dace da su. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ba shi da sauƙi shi ne bulon da aka buga da yashi da yawa, siminti kamar an barbaɗa gishiri. Injin huda bango na shiga, gari na zuba, ramin da aka nufa kamar na fensir ya koma kamar na gafiya. A matsa gefe, a faɗa cikin kogon bulo, ƙusa ba ta kama komai ba. A sake matsawa, a ci karo da ginshiƙin kankare, bakin injin ya ƙone. Mutum na tsaye da ƙura har cikin gira, sai ga mai gidan haya ya yi sallama, ya dubi bangon, ya dubi ɗan haya, ya ce, "Malam, gini ake yi ne?" Masu buga bulo su ji tsoron Allah. Mutane na kwana da 'ya'yansu a ƙarƙashin wannan yashin.

Ta uku, waya. A hotunan talla ba a ganin waya ko guda. A gida kuwa soket na bayan kujera, kusa da ƙasa, allon na can sama, tsakaninsu baƙar waya na reto kamar igiyar shanya. Mai gyaran wuta zai ce, "Ba matsala, Alhaji," ya ɗauko kurfi da guduma ya fara sassaƙe bangon da ba naka ba. A nemi soket tukuna, sannan a zaɓi wurin allo.

Ta huɗu ba ta wasa ba ce. Tabulet da aka bari a caji dare da rana batirinta na gajiya, zafi kuma na ƙara masa. Kamfanin Apple ya ce iPad ɗinsa a yi amfani da shi daga digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, Kano kuwa a Afrilu takan haura 40. Tabulet ta farkon da mai wannan shafi ya rataye ta hannu ce, a bangon da rana ke duka da la'asar. Wata biyu kacal cikinta ya kumbura kamar fanke har gilashin ya ɗaga. Batirin da ya kumbura yana iya kama wuta, sai a cire caja a sauke shi nan take, kada a latsa, kada a huda. Kafin a biya kuɗi a duba ko na'urar na da saitin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, kamar yadda tabulet ɗin Samsung na 'yan shekarun nan suke da shi. Amma duk da haka batirin ne ya sa tabulet ta yi wa sauran zarra, domin in an ɗauke wuta ba ta ko ƙiftawa. Raspberry Pi kuwa daga katin ajiya take tashi, kuma ɗauke wuta ba shiri yana iya lalata abin da ke kan katin, a wayi gari da baƙin allo.

Ta biyar, ko ta shida ce, lissafin ya ɓace tun wurin batir. Wanda zai sayi kwamfutar Windows ta hannu domin bango ya tuna cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma in injin Intel ne, Windows 11 na neman na zubi na 8 zuwa sama. Arhar da ake gani a kan tsofaffin tana da dalili.

Allon ya zama IPS, don wanda ke zaune a tabarma ya iya karantawa daga gefe. Wannan ya isa.

Saura yatsu. Fuskar allon da ke amsa shafa kaɗan, irin ta wayar hannu, ta fi mai neman a danna da ƙarfi, amma babu wadda aka gwada da hannun da ya fito daga miyar kuka, ko na yaron da ya gama da ƙosai da manja. Da hunturu ya shigo ƙura za ta haɗu da maiƙon, lokacin azahar ya koma ba ya karantuwa. A ajiye tsumma mai laushi kusa, kada a fesa ruwa kai tsaye, kuma a yi tunanin tsayi. Mai wannan shafi ya rataye tasa, mai inci 10, daidai idon babba, a bangon da ke inuwa, ya kulle ta da lambar sirri. Da magaribar ranar autar gidan ta jawo kujera 'yar tsugunno ta hau, ta miƙa yatsa, ta waiwayo ta ce, "Baba, ina katun ɗin?"