Masu Gyaran Gidan Haya

Duk shafin intanet da ka buɗe, kwafinsa ne yake saukowa cikin burauzarka, kuma abin da ya shigo kwamfutarka kana iya taɓa shi. A kan wannan ne Aaron Boodman ya fara rubuta Greasemonkey a ƙarshen 2004, wata 'yar manhaja da ake ɗora wa Firefox don mutum ya rubuta ɗan sikirif na JavaScript ya sauya kamannin shafi yadda ransa yake so. Jan Biniok ya biyo da Tampermonkey a 2010, sannan ga Violentmonkey. Sai dai gyaran a wurinka kaɗai yake bayyana, shafi kuwa na mai shi ne. Ɗan haya ne kai: ka yi fenti, ka matsar da ƙofa, ranar da maigida ya ga dama ya rushe bangon ba tare da ya yi maka sallama ba. Wannan zama na rashin tabbas ya haifar da mutane iri-iri, ga kaɗan daga cikinsu.

Na farko shi ne Kwashi-Kwaraf. Bai taɓa rubuta layi ɗaya ba, bai kuma taɓa karanta wanda wani ya rubuta ba. Yana shiga Greasy Fork, shafin da ake tara sikirif, duk fayil ɗin da ya ƙare da .user.js sai ya danna ya girka. Akwai mai ɓoye talla, akwai mai mayar da shafi baƙi, akwai wani mai mayar da shi fari, su biyun suna ta kokawa a fuskar kwamfuta. Ka nuna masa layin @match, wanda ke faɗin shafukan da sikirif zai yi aiki a kansu, ka ce, “Malam, wannan tauraro-tauraron da ka gani yana nufin kowane shafi ne fa, har na bankinka.” Sai ya ce, “Ai mutane da yawa sun sauke shi.” Ranar da wani abu ya lalace, zai kwana yana kashe su ɗaya bayan ɗaya yana neman mai laifi.

Na biyu Malam Jira-Kaɗan. Ya gano wata gaskiya: sau da yawa sikirif yana riga shafi isowa, ya nemi maɓallin da ba a haifa ba tukuna, sai burauza ta ce ta samu null. Maganinsa guda ne, setTimeout. Ya ce wa sikirif ya jira daƙiƙa ɗaya. Ya ƙi aiki, ya mayar uku. Ranar da netwok ya yi nauyi, ya mayar goma. Yanzu idan ya buɗe shafi, tallan da yake son ɓoyewa yakan gama kaɗe-kaɗensa ya yi bankwana kafin sikirif ya farka. An sha gaya masa akwai MutationObserver, wanda ke zaman gadi ya sanar da kai da zarar abin da kake jira ya bayyana. Amsarsa kullum ita ce, “Wannan ma yana yi, haƙuri kawai ake so.”

Na uku Wallahi-Jiya-Yana-Yi. Shi bai taɓa yin kuskure ba. Laifin burauza ne, ko na masu shafin da suka tsane shi shi kaɗai, ko na ƙanensa da ya ari kwamfutar ya kalli ƙwallo. Ya goge burauza ya sake girkawa, ya kashe kwamfuta ya kunna, har ya fara maganar sayen wata. Abokinsa ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, “Oga, adireshin da ka rubuta a sama babu www, shafin kuma da www yake buɗewa.” Sikirif ɗin ko motsawa bai yi ba tun safe. Ya yi shiru, ya ƙara haruffa uku, sannan ya ce, “To ai da can ba haka suke ba.” Abin haushin, wani lokaci gaskiyarsa ce.

Na huɗu Mai Shela. Ya san maɓallin F12, ya san tagar da jan rubutu ke fitowa, amma bai yarda da jan rubutun ba, ya fi yarda da bakinsa. Kowane layi sai ya bi shi da console.log. Idan ka karanta tagar daga sama zuwa ƙasa, za ka ga yadda daren ya kasance: “nan”, “nan 2”, “ya iso nan”, “ya iso nan kuma”, “to me ya sa”, “haba”, “innalillahi”. Jan rubutun kuwa yana can sama tun farko, ya faɗi lambar layin da matsalar take. Ko bayan ya gyara ba ya share shelar, don haka duk wanda ya girka sikirif ɗinsa, burauzarsa tana ta salati a ɓoye.

Na biyar Sarkin Shara. Ya fara da cire talla guda. Ya ji daɗi, ya cire gefen dama, ya cire shawarwarin bidiyo, ya cire hotuna, har ya haɗa da maɓallin shiga bai sani ba. Babban abokin gabarsa shi ne shafuka irin su Facebook, inda sunayen sassan shafi ba su da ma'ana, tarkacen haruffa ne da na'ura ke ƙirƙira, kuma suna iya canjawa ba sanarwa. Abin da ya kama da suna yau, gobe sunan ya ɓace ko ya koma kan wani abu. YouTube kuma ya ɓullo masa ta wata hanya: idan ka tashi daga bidiyo zuwa wani, shafin ba ya sake lodawa gaba ɗaya, saboda haka sikirif ya yi shara sau ɗaya ya koma barci. Lokacin da ya ɓata wajen kauce wa talla ya ninka wanda tallan zai cinye masa, kuma ya sani.

Na shida Dattijo. Kafin ka gama tambaya ya fara tarihi. Ya ga zamanin userscripts.org, tsohon shafin tara sikirif, yana nan lokacin da shafin ya mutu a 2014. Yana nan a Nuwamban 2017, da Firefox 57 ya fito, Greasemonkey 4 ya canja GM_getValue zuwa GM.getValue, tsofaffin sikirif da yawa suka faɗi saboda ɗigo ya maye gurbin ƙaramin layi. Yanzu kukansa Manifest V3 ne, tsarin Chrome da ya sa sai ka shiga saituna ka ba da izini da hannunka kafin Tampermonkey ya gudanar da komai. Ka ce masa a waya kake so, sai ya yi tsaki ya ce Chrome na Android ba ya karɓar irin waɗannan, ka nemi Firefox. Yana da amsar tambayarka, amma sai ka biya da sa'a guda ta sauraro.

Na bakwai A-Taimaka. Saƙonsa gajere ne: “Salam Yaya, ba ya yi.” Wane sikirif? Wane shafi? Wace burauza? Sai ya turo hoton fuskar kwamfuta da ya ɗauka da waya, a karkace, hasken fitila ya rufe daidai inda jan rubutun yake. Bayan kwana biyu ya dawo: “Ya yi, na gode.” Yadda aka yi ya yi, wannan sirri ne tsakaninsa da Mahaliccinsa.

Na ƙarshe shi ne wanda duk waɗannan suke rataye a wuyansa, Mai Sadaka. Wani maɓalli ne ya dame shi, ya rubuta layi goma sha biyar ya gyara, ya ce bari ya saki ko wani zai amfana. Aka amfana. Daga nan duk ranar da masu shafin suka taɓa wani abu, shi ake tasa da asuba. Wani ya ce ya lalace, wani ya ce a ƙara masa launi, wani ya tambaya cikin fushi me ya sa ba a sabunta ba tun watan jiya, alhali ko sisi bai taɓa biya ba. Shi kuwa bawan Allah ya daina shiga wannan shafin tun shekarar da ta wuce. Duk da haka yakan zauna bayan sallar isha'i, ya danna F12, ya nemo sabon sunan maɓallin, ya ƙara lamba ɗaya a layin @version, ya tura. Kafin ya rufe kwamfuta saƙo ya shigo: “Salam Yaya, ba ya yi.”