Masu Digiri a Hanya: Ire-iren Ɗaliban Ƙasar Gaya da Abin da Suka Zo Yi Duniya

A ƙasar Gaya ta dā ba a tambayar yaro me zai zama. Ɗan maƙeri tun yana rarrafe yake jin ƙarar masaba, kafin ya yi wayo an miƙa masa zugazugi. Masu ba da tarihi ma sun ce maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙar da ya kashe macijiyar Kusugu da ita, kuma su ne Abagayawan da suka je gindin Dala neman tama har suka zauna. Ɗan malam ya gaji allo, ɗan manomi ya gaji fartanya, magana ta ƙare. Yau kuwa yaro daga Balan ko Kademi ko Toranke zai shiga shagon kwamfuta ya cike fom ɗin JAMB, ya zaɓi makomarsa cikin minti biyar, mai shago yana tsaye a kansa yana cewa ya yi sauri man janareta ya kusa ƙarewa.

Daga nan sai a watsu. Wasu Wudil, jami'ar da aka buɗe a 2001 wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote. Wasu Dutse, wasu Bayero, wasu Sa'adatu Rimi, wasu kwalejin Legal, wasu kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Dambatta. In hutu ya zo duk sai su dawo majalisa ɗaya. Kowa ka tambaya abin da ya kawo shi duniya zai ce bautar Allah, a nan ba saɓani. Amma ka ƙara da cewa, "To bayan an sallame sallar asuba fa, sai me?" A nan jama'a ke rabuwa gida-gida.

Haka Allah Ya So

Likitanci ya nema, aka ba shi ilimin tsirrai. Ranar da ya ga sunansa ya ce haka Allah ya so, kuma gaskiya ya faɗa, ba mai ja. Matsalar ita ce tun daga ranar ya mayar da jumlar maganin kowace cuta. Ya makara lakcar ƙarfe takwas, haka Allah ya so. Bai buɗe handawut ba sai daren jarrabawa, ya kwaso kari-oba biyu, haka Allah ya so. Liman ya sha gaya masa cewa sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali, shi kuwa ko igiyar bai saya ba. Wuri ɗaya ne ba ya jiran ƙaddara: in aka ce an sauke tukunya a ɗakin maƙwabta, da cokalinsa a aljihu yake zuwa gaisuwa.

Ustazun hostal

Wando ɗangale, asuwaki a baki, turare ɗan goma a aljihun gaba. Tun makon farko ya yi rajista da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSS, wadda aka kafa a Legas tun 1954, kuma shi ne mai bin ƙofofi da asuba yana buga su da ƙarfin da ko matacce zai motsa. Manufarsa a fili take, gyara al'umma. Da ya dawo hutun farko sai ya fara gyaran daga gida, ya tsaya a kan kakansa yana duba yadda yake alwala, dattijon da ya haddace izu sittin tun ba a haifi uban Ustazu ba. Tsoho ya gama shafar kai a natse, ya ɗago ya ce, "Allah ya ƙara sani, Malam. Ga akuyar can ta tsinke tana cin waken mutane, a fara gyaran da ita."

Amma a ba shi haƙƙinsa. In ɗalibi ya kwanta rashin lafiya, ko kuɗin rajista ya gagara ana gab da rufe shafi, Ustazu ne zai ɗauki leda ya bi sahu-sahu bayan sallar isha'i, kuma ko sisi ba ya ɓacewa. Babban abokin muhawararsa wani ɗan Filato ne na ƙungiyar ɗalibai Kirista, FCS, wanda shi ma ya ce kira aka yi masa. Sai su raba dare suna musu, kowa da littafinsa a hannu, sannan su jiƙa garin kwaki a kwano ɗaya. Abu guda suka yi ittifaƙi a kai: ɗan ɗakinsu na uku, wanda ba ya ibada kuma ba ya wanke tukunya, yana buƙatar addu'a daga ɓangarorin biyu.

Mai tuban zangon jarrabawa

Wata uku ba a gan shi a masallaci ba sai Juma'a, ita ma ana tayar da iƙama yake isowa. Da an kafe jadawalin jarrabawa sai ka tarar da shi a sahun farko, bayan liman daidai, ya riga ladan zuwa. Azumin Litinin da Alhamis ya dawo. Ya kira Inna a waya da murya mai laushi: "Inna, a saka mu a addu'a, a kuma kai wa Malam na Tsangaya ɗan abin sadaka." Rubutun sha yana zuwa masa daga gida a jarka, ta hannun direban motar Gaya. Ranar da aka rubuta takardar ƙarshe, da la'asar za ka same shi a gidan kallon ƙwallo, ya bar wa Ustazu sahun farko amana sai wani zangon.

Dokta

Wannan bai zaɓi komai ba, gari ne ya zaɓa masa. Tun da aka ji ya shiga wani kwas da ke da alaƙa da asibiti, ko da awon jini ne, ko nazarin ƙwayoyin cuta, sunansa na yanka ya ɓace. Yana aji ɗaya, ko allura bai taɓa riƙewa ba, amma da ya sauka daga mota Gwaggo ta aiko a kira mata Dokta ya duba gwiwarta. Tsofaffi na kawo masa kwalayen magani ya karanta musu. Da farko yana cewa, "Gwaggo, ni fa ba likita ba ne." Sai ta ce, "Kai dai akwai kunya, ɗan nan." Zuwa aji biyu ya gaji da musu, ya sayi na'urar awon hawan jini da kuɗin abincinsa, ya koyi gyaɗa kai a hankali yana cewa a rage gishiri. Abin mamaki, shawarar tasa tana aiki. Kuma shi ne ya lallashi mutum uku suka je babban asibiti kafin ciwo ya ci ƙarfinsu, abin da likitan gaske bai samu damar yi ba don ba su taɓa zuwa gabansa ba.

Kwamared

Hula zanna a karkace, fayil a hammata, waya biyu, ɗaya ba caji. Aikinsa a duniya ceton talaka. Ya san an kafa jam'iyyar NEPU a 1950, ya san Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, kuma ba ya minti goma bai ambaci ɗaya daga ciki ba. Ya riƙe muƙami a ƙungiyar ɗaliban mazaɓa, da ta ƙaramar hukuma, da ta masarauta, har da wata da shi kaɗai ya san ofishinta. Lakca kuwa sai in ba taro. Addininsa ma na gwagwarmaya ne, duk wa'azin da bai taɓo shugabanni azzalumai ba a wurinsa hira ce. Sai dai in Honorabul ya zo gari, Kwamared ne ke buɗe masa ƙofar mota yana "ranka ya daɗe", da takardar neman tallafin ƙungiya a ninke a cikin fayil. Ka tambaye shi ina ceton talakan, zai ce ai shi ma talaka ne, daga gida ake farawa.

Ɗan mainin

Shi ya riga ya gano cewa digiri ba ya kawo kuɗi, karatun ma don kar ran Baba ya ɓaci yake yi. Arzikinsa yana cikin waya. A daminar 2024 ya kwana yana dangwalar fuskar waya a wasan Hamster Kombat har ɗan yatsa ya yi kanta, mai cajin waya na bakin kasuwa kuwa ya sayi sabon janareta da kuɗin irinsu. Ya yi alkawari in ta fashe zai kai Inna Makka, ya gina masallaci, ya haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse. Har fatawa ya nema, malami na farko ya ce da shubuha, sai ya nemi na biyu. Da ta fashe a ƙarshen Satumba, abin da ya samu bai biya kuɗin datar da ya ƙona ba. Ya yi jinyar kwana biyu, a na uku ya turo wa kowa sabon link yana rantsuwa cewa wannan ita ce ta gaskiya.

Malamin wucin gadi

Bai taɓa mafarkin riƙe alli ba. Makin JAMB ne ya gaza, aka ce ya je ya yi NCE kafin a ga abin da Allah zai yi. Kullum maganarsa, "Koyarwa ai ta ɗan lokaci ce, kafin aiki ya samu." Sai aka tura shi koyarwar gwaji a wata firamare ta ƙauye, aji ɗaya yara sun fi ƙarfin benci, rabi a ƙasa. Ya shiga da niyyar cika wata uku ya gudu. A mako na shida wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki ba ta haɗa baƙi da wasali ta karanta sunanta a allo, ajin ya kaure da tafi. Daga ranar ya fara sayen alli da kuɗinsa. Har yau yana cewa wucin gadi yake yi, yana kuma cike fom ɗin kwastan duk lokacin da aka buɗe, amma yaran unguwa sun riga sun mallake zauren gidansu da darasin yamma.

Malama mai amsa biyu

Ɗaliba mace jarrabawa biyu take rubutawa. Ta makaranta, da ta gida, wadda tambayarta ɗaya ce tak: "Yaushe za mu sha biki?" Akwai wadda ta ɗauki karatun zaman jiran miji, jakarta cike da turaren wuta da atamfofin Kantin Kwari tana sayarwa a hostal, kafin ta gama aji uku ta fi malaminta jari. Akwai kuma wadda ta ce ungozoma za ta zama ko ana ha maza ha mata, don ta ga yadda ake ɗora mace mai naƙuda a babur cikin dare, da yadda wasu mazan ke hana matansu zuwa awo in ba mace ce za ta duba su ba. Idan Kawu ya ce boko yana ɓata 'ya mace, sai ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta tuna masa Nana Asma'u 'yar Shehu da 'yan tarunta. Kawu ya yi shiru. Da matarsa ta tashi haihuwa kuwa, ɗalibar ya fara aika a taso.

Mai "meye hujja?"

Kwas ɗin falsafa da mantiƙi na aji ɗaya ya yi, zango guda, ya dawo yana tuhumar komai. Me ya sa ake gado haka, me ya sa ake sadaka ran Juma'a, wa ya ce tsohuwa ta fi shi sanin hadari. Uwarsa ta tsorata har ta sa a yi masa tofi. Ba ya buƙata. Tambaya ce ta yi masa yawa, kuma in ya haɗu da malamin da ba ya fushi da tambaya, sau da yawa shi ke zama mai riƙon addini da sani, wanda ba a juya shi da faifan wa'azi na minti biyu.

Wanda ba ya zuwa majalisa

Ba za ka ji shi yana maganar manufa ba, don lokacin da ake hirar yana gona. Da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta tafi yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba a janye ba sai Oktoba, wata takwas cur. Haka Allah Ya So ya yi barci, Kwamared ya rubuta takardun Allah wadai, Mai tuba ya huta da tuba. Shi kuwa ya ari gonar kawunsa ya zuba gero da wake, ya gwada abin da aka koya musu game da tazarar shuka da lokacin sa taki, dattawa suna dariya. Da kaka ta yi suka daina dariya, suka fara aiko 'ya'yansu tambaya. Da kuɗin waken ya biya rajistarsa da ta ƙanwarsa. Sallarsa a kan lokaci, ba tare da sanarwa ba.

Kada wanda ya ga kansa a jerin nan ya yi fushi, don ɗalibi ɗaya yakan zaga gida uku ko huɗu kafin ya karɓi takardar kammalawa. Ustazun bana shi ne Mai tuban bara, Ɗan mainin na iya wayar gari Malamin wucin gadi. Imanin duk suna da shi, bambancin shi ne wani yana fakewa da shi don ya huta, wani kuma shi ke tashinsa ya kama aiki. Abin da mutum ya zo yi ba a fom yake bayyana ba, yana fitowa ne ranar da wani ya buƙace shi ya kuma iya biyan buƙatar, ko gwiwar Gwaggo ce ko karatun yarinya. Masu bautar ƙasa kuwa, da kakinsu da alawus ɗin naira 77,000, jerinsu daban ne, sai an ware musu rana guda. A taƙaice dai, kafin alat ɗin farko ya shigo, Inna ta riga ta raba kuɗin gida bakwai.